Juji Ma Da Mai Shi

A juji aka tsince ni. Ba zagi ba ne, ba kuma habaici ba, haka aka yi, kuma duk ƙauyenmu da ke gefen Lakwaya an san da maganar.

Innarmu wabi take yi. Ta haifa, ta goya, yaro ya fara dabo ko ya fara kiran sunanta, sai ya koma. Huɗu ta binne kafin ni. Da aka haife ni, tun kafin suna, Gwaggo yayar babanmu ta ce wannan karon ba za a zauna a zuba ido ba. Aka naɗe ni a tsumma, Inna ta kai ni bayan gida ta ajiye a kan juji, cikin toka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa. Ta ɗaga murya ta ce ba ta so, ta juya ba ta waiwaya ba. Gwaggo ta zagayo ta ɗauke ni, ta shigo gida tana cewa yau ta yi tsintuwa. Dabarar ita ce wai mutuwa ba ta kula abin da aka yar, abin da ake ji da shi take ɗauka.

An yanka rago, liman ya raɗa mini suna mai kyau, amma ba wanda ya taɓa kirana da shi a gidanmu. Sunan juji aka bi ni da shi. Ba zan rubuta shi ba, duk Bahaushe ya san shi. Ranar da aka kai ni firamare malami ya kira sunana na yanka, na yi shiru ina kallon ƙasa, ya sake kira, na ƙi amsawa, har ya zaci kurma aka kawo masa. Ni kuwa gabana ne yake faɗuwa, don a tunanina wani yana iya ji.

Wa zai ji? A nan maganar take.

Wata rana ina 'yar ƙarama, na idar da sallar la'asar a ɗakin Gwaggo, na ɗaga hannu kamar yadda na ga manya suna yi. Takalmin salla nake so, ja, irin wanda na gani a kasuwar Gwarzo. Ban kai ga faɗa ba na ji an buge mini hannu.

"Sauke hannun nan," in ji Gwaggo. "Ke da aka manta da ke, so kike a tuna?"

Ba da mugunta ta faɗa ba, Allah ya jiƙanta. Matar nan ta fi kowa sona, ita take ɓoye mini ƙanzo da kan kifi. Tsoro ne ya sa ta. Amma maganar ta shige ni ta zauna, ta yi saiwa. Na yi makarantar allo, na yi Islamiyya, na je kwalejin horon malamai, na dawo ina koyarwa. In ka tambaye ni ko akwai abin da yake ɓoye ga Allah, zan ba ka amsa tiryan-tiryan, har in yi maka faɗa don ka yi tambayar. Wannan a ka ne. A cikin ƙirjina kuwa, ni wata ce da aka yi wa dabara ta tsallake, kamar wadda ta shiga mota ba ta biya ba, ta sunkuyar da kai kada kwandasta ya gan ta. Salla ban taɓa fasawa ba, azumi kuwa har da na nafila. Amma da na yi sallama sai in naɗe darduma in tashi. Ban roƙi cin jarrabawa ba, ban roƙi miji ba, ban roƙi sauka lafiya ba.

Abin dariyar shi ne, da mutane ni ba kanwar lasa ba ce. Ba na barin ko-ta-kwana. Hedimasta ya san ni, masu awo a kasuwa sun san ni, dangin miji ma sun san ni tun a makon farko. Wurin Allah kaɗai nake sanɗa.

An kai ni aure Kabo. Malam, maigidana, manomi ne, yana da shanun huɗa biyu da amalanke, mutum ne mai sanyi wanda sai ya yini bai yi magana goma ba. Mutane suna cewa Allah ya haɗa wuta da ruwa. A lokacinmu wa ya san wani gwajin jini kafin aure? An ga gidan mutunci, an ɗaura, shi ke nan.

Ɗana na fari namiji ne. Bai cika shekara ba hannuwansa da ƙafafunsa suka fara kumbura, ya yi ta tsala kuka ba a san inda yake masa ciwo ba. Aka ce amosani ne, aka ce shawara ce, aka jiƙa wannan aka shafa wancan. Ya fara tafiya, ya koma. Na biyun ma namiji, shi har ya iya cewa Umma. A kansa ne likita ya zaunar da mu ni da Malam ya yi mana bayani: sikila ce, ni ina ɗauke da rabi, Malam yana ɗauke da rabi, in yaro ya haɗa biyun shi ke nan. Ashe wabin Inna yana da suna a asibiti.

Bayan an share makokin na biyun na tafi Lakwaya a fusace. Na gaya wa Inna ba wata mutuwa da aka ruɗa da toka da kashin awaki, rabi na ɗauko shi ya sa na rayu, yayyena kuwa cikakke suka ɗauko. Na ce sun cuce ni, sun sa mini sunan banza na yi ta yawo da shi. Inna tana tsince wake a faifai, ba ta ko ɗago ba. Ta ce likita ya faɗi nasa, amma ita abin da ta sani, huɗun da ba a kai juji ba suna ƙasa, wadda aka kai ga ta nan tsaye tana yi mata rashin kunya. Na yi tsaki na fita. Amma ko a ranar ban ɗaga hannu ba.

A lokacin ina da cikin ta uku ban sani ba. Mace na haifa. Inna ta zo wankan jego, tun kafin ta ajiye ƙullin kayanta ta leƙa bayan gida, na san abin da take dubawa. Da ta kawo maganar Malam ya ce a'a cikin ladabi, ya ce wannan shirka ce, rai da ajali a hannun Allah suke. Ni kuwa na goya masa baya da ƙarfi fiye da yadda ya nema. Na ce 'yata ba za ta hau bola ba, kuma da sunanta na yanka za a kira ta, duk wanda ya laƙaba mata wani suna ni da shi ne. Haka aka yi. Sai in tsaya a tsakar gida in ƙwala mata kira har maƙwabta su ji, ina yi ne kamar mai tsokanar kare don ya ga ko zai yi cizo.

An gwada jininta, ita ma cikakke ta ɗauko. Amma ta zauna. Ta wuce shekarun yayyenta, ta yi wayo, ta shiga makaranta. 'Yar siririya ce, idanunta kullum da ɗan ruwan ɗorawa, baki kuwa nawa ta kwaso kaf. Sai ta sa tabarauna, ta ɗauki kara, ta tara awakin gidan tana koya musu baƙaƙe, wadda ta yi kuka ta ce ta fita waje ta yi kamun kunne. Tana son ɗanwake da yaji da yawa. In ciwon ya tashi sai ta ce, Umma danna mini, in zauna in yi ta matsa mata ƙafafu har hannuna ya mutu.

Kuma yarinyar nan akwai roƙo. Babanta ya koya mata cewa duk abin da take so ta gaya wa Allah, ita kuwa ta ɗauki maganar da gaske. Ta idar da salla ta baje hannu, da ƙarfi, kowa yana ji: a ba ta rake, a sa akuyarta ta haifi biyu, a hana ruwa zuwa sai Baba ya dawo daga gona, a sa Umma ta rage faɗa. Malam ya yi ta murmushi. Ni kuwa sau nawa maganar Gwaggo take zuwa mini har bakin leɓe, in cije in haɗiye, in shige madafa.

Shekarar da ta shiga aji biyu, bayan an gama kaka, ciwon ya tashi ya ƙi kwanciya. Muka je asibiti a Gwarzo aka yi mata ƙarin jini, ta ɗan farfaɗo, muka dawo. Ya sake tashi, aka tura mu Kano, aka sake ƙari, muka dawo. Ma'aikatan sun yi iya yinsu, ba ni da abin cewa a kansu. Sai dai kowace dawowa yarinyar tana raguwa. Ta daina koyar da awaki. Ta daina neman ɗanwake. Malam ya sa aka yi sauka, aka yi sadakar waina, goshinsa kullum a ƙasa. Wata rana ya ga na sallame na fara naɗe darduma, ya tambaye ni a hankali ko ni ba na roƙa mata ne. Na ce masa shi da yake ta roƙo me ya gani? Ya sa takalminsa ya fita. Da na iya gaya masa gaskiya da na ce tsoro nake ji, kada in buɗe baki a waiwayo a ga ni, a ga abin da nake riƙe da shi.

Inna ta zo jinya. Ta tsufa a lokacin, Gwaggo kuwa ta daɗe da rasuwa. Kwana da kwanaki tana dama kunu, tana wanke tsumma. Ranar kasuwa Malam ya tafi Gwarzo sayar da waken suya don a sayi magani. Da hantsi yarinyar ta samu ɗan barci, muna zaune a bakin ƙofa ni da Inna, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, har yanzu dai jujin nan yana nan.

Ni mai takardar koyarwa, ni da na yi wa Inna tsaki a kan maganar nan, sai na tashi na shiga ɗaki. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Na goya yarinyar, ba ta da nauyi ko kaɗan. Na zagaya bayan gida. Jujinmu babba ne, tarin shekara guda, toka da kashin shanu da shara da karan dawa, kaji suna tono a gefe. Na kwance zani na zaunar da ita a kai. Abin da ni da Inna ba mu lissafa ba shi ne, jariri ake kaiwa juji, wanda bai san komai ba. Wannan kuwa ta san komai. Ta buɗe ido ta dubi inda take, ta dube ni.

"Umma, me na yi?"

Inna tana laɓe a bayan danga, ta yi mini alama da hannu in faɗa. Na ɗaga murya yadda ake so.

"Ba na so. Ba na son ta, duk mai so ya ɗauka."

Na juya. An ce kada a waiwaya, ban waiwaya ba. Ina ji tana kirana, ba da kuka ba, don ba ta da ƙarfin kuka, kira ne kawai, Umma, Umma, har na sha kwana. Inna ta zagaya ta ɗauko ta, ta shigo tana cewa ta yi tsintuwa.

Na so in rungume ta a take in ce wasa ne. Inna ta tare ni a ƙofa. Ta ce in na warware maganar yanzu an yi aikin banza, in bari sai ta miƙe ta taka da ƙafarta, sannan in gaya mata duk abin da nake so. Ta ce ita sai da na yi wayo tana nuna ba ta damu da ni ba a gaban mutane. Na yarda. Wallahi na yarda. Na ci gaba da ba ta magani, ina yi mata wanka, ina sauya mata shimfiɗa, amma bakina a rufe.

Daga ranar ba ta sake cewa Umma danna mini ba. Inna take kira. In na miƙa hannu sai ta janye ƙafarta a hankali, ba da fushi ba, kamar mai jin nauyin baƙo. Na ji ta da kunnena tana tambayar Inna ko don tana yawan ciwo ne, ko don kuɗin magani. Inna ta ce ta yi shiru ta sha kunu. Ta kuma daina roƙon nan nata mai ƙarfi. Ina tsaye a bayan labule ina jin duk wannan, ina ce wa kaina saura kaɗan, bari ta miƙe.

Ba ta miƙe ba. Wata azahar, ina tsakar gida ina tace mata kunun da ba za ta sha ba, na ji Inna tana salati. A cinyar Inna yarinyar ta cika.

Mata suka cika gida. Ya haƙuri, ya haƙuri, mai abu ya karɓi abinsa. Na ji wannan maganar a makoki biyu kafin wannan, na kuma faɗa wa wasu ita ba adadi. Tana shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Na amsa da godiya kamar kowa. Inna ta koma Lakwaya bayan addu'ar bakwai, ba mu dubi idon juna ba wajen sallama. Malam bai san abin da muka yi ba, ko kuwa ya sani bai ce ba, har yau ban tambaye shi ba.

Bazara ta shigo, zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa ta gabas. Lokacin kai taki gona ya yi. Wata safiya ina shara na ji hayaniya a bayan gida, kuma muryar Malam ce a sama, abin da ban taɓa ji ba tun da aka kawo ni gidan. Na leƙa ta danga. Ya kawo amalanke da shebur zai kwashe juji, ya tarar wani maƙwabcinmu ya riga ya yanki gefe guda ya loda wa jakinsa mangala biyu. Maƙwabcin yana cewa ai shara ce, abin da aka zubar, ya ga an yar ne. Malam yana riƙe da shebur, ya tare gabansa.

"Wa ya ce maka an yar? Juji ma da mai shi. Shekara guda ina tara abina, na san duk abin da yake ciki, lokacinsa nake jira."

Maƙwabcin ya ba da haƙuri ya juye mangalar. Malam ya shiga loda amalanke, shebur bayan shebur, har ya kai daidai wurin da na zaunar da yarinyar, ya kwashe, ya wuce. Kafin azahar wurin ya zama fili, sai ƙasa baƙa da kaji.

Na tsaya riƙe da tsintsiya. Ni 'yar manoma ce, matar manomi. Tun ina goye nake ganin ana kwashe juji duk bazara, na ga an yi rigima a kansa, na ga an kai ƙara gaban mai unguwa. Ba gidan da bai san iyakar jujinsa ba. Ina muka samo cewa abin da yake juji ba shi da mai shi? Gwaggo ta sani, Inna ta sani, ni ma na sani, amma muka ɗauki yara muka kai wurin da ya fi ko'ina mai shi a gidan, muka ce mun ɓoye su.

Ashe ba a taɓa mantawa da ni ba. Ranar da Inna ta ajiye ni cikin toka ana kallona. Ranar da na ƙi amsa sunana a aji an san sunan. Duk shekarun da na yi ina sanɗa, ina naɗe darduma da sauri, a tafin hannu nake. Ba tsallakewa na yi ba, bari na aka yi, kamar yadda aka ɗauki yayyena huɗu da 'ya'yana uku da sani, ba da kuskure ba. Ni ba tsintuwar Gwaggo ba ce, ba kuma yasasshiyar Inna ba. Ajiya ce ni, mai ni yana nan, lokacinsa yake jira.

Na sha jin masu wa'azi suna cewa in bawa ya gane na wa ne shi, sai zuciyarsa ta yi sanyi. Wataƙila tasu. Ni dai ban ji sanyi ba. Abin da na ji shi ne an yi mini asara, kuma ba wanda zan kama. Da na san ana ganina ko na yi shiru ko na yi magana, da na roƙi jan takalmin nan. Da na roƙa wa 'ya'yana, ko a ba ni ko a hana ni, in san dai na buɗe baki. Da ban tsaya a bayan labule ina jin yarinya tana tambaya ko don kuɗin magani ne ba.

Ba mu sake haihuwa ba, ni da Malam muka yanke haka, yanzu kuma shekaru sun yanke mana. Na bar koyarwa. Inna ta rasu, na je na yi mata wanka da hannuna, ban riƙe ta da komai ba, ita ma abin da aka ba ta ta ba ni. Gidan shiru, sai awaki, jikokin waɗanda aka koya wa baƙaƙe. Jujin ya sake taruwa, an sake kwashewa, ya sake taruwa.

A ranar da aka yi rigimar takin nan, da na idar da la'asar, na kai hannu zan naɗe darduma sai na fasa. Na zauna. Na ɗaga hannuwana, suna da nauyi kamar ba nawa ba. Na fara da faɗin sunana na yanka, da ƙarfi, yadda yarinyar take yi, ko da yake na san ba a bukatar in faɗa. Sannan na tsaya ina neman abin da zan roƙa. Na duba ko'ina, duk abin da nake so an riga an kwashe. Abu ɗaya na samu, shi na roƙa a ranar, shi nake roƙa har yau bayan kowace salla, ban kuma san ko ana isar da irin wannan saƙon ba.

"Ya Allah, tana wurinka. Ka gaya mata ƙarya na yi."